Bara likita ya hana maganin, bana shi ya rubuta shi: abin da idon ɓera ya koya mana game da hakiya

Tambaya daga wata 'yar'uwa a wajen Marwa:

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Mahaifina yana da shekara 63. Shekara uku ke nan, kusan duk lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, idonsa na hagu sai ya yi ja, ya riƙa zubar da hawaye, ba ya son haske. Likitan ido ya ce cutar harfis ce. Bara ya hana mu ɗiga masa kolir, wato maganin ɗigon ido, mai deksametazon, har faɗa ya yi mana. Bana da muka koma, shi da hannunsa ya rubuta irin wannan maganin, ya haɗa da asikulobir, maganin bairos. Da na tambaya, sai ya ce yanzu ba ƙwayar cutar ce ke ɓarna ba, garkuwar jikin Baba ce, kuma a jikin ɓeraye aka gano haka. Likita, yaya garkuwar jiki za ta makantar da mai ita? Kuma me ya haɗa idon ɓera da na Baba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi. Tambaya biyu kika yi a fili, amma na ji ta uku a ƙarƙashinsu: shin likitan nan ya san abin da yake yi, ko ya manta da maganarsa ta bara? Bari in fara kwantar miki da hankali a kan wannan. A yadda kika kawo labarin, bai yi tufka da warwara ba. Ƙwaya ɗaya ce ta haddasa ciwon bara da na bana, amma ba ciwo ɗaya ba ne, kuma maganin da zai lalata ido a na farko shi ne ke ceto shi a na biyu. Ni ma a nan Garwa nakan yi haka, kuma nakan ga irin kallon da 'yan'uwan majiyyaci ke yi min ranar da na rubuta abin da na hana da bakina.

Aikina duba idon mutane ne. Abin da zan faɗa kan ɓera na karanto shi ne daga aikin waɗanda suka ƙarar da shekarunsu a ɗakin bincike, abin da zan faɗa kan mutane kuwa, da yawansa a gabana aka yi.

Filin da ake faɗan

Baƙin ido yana da rufi a gabansa, wani tantani garau da muke kira koniya. Kaurinta rabin milimita ne, faɗinta kuma wajen milimita 12. A sama akwai 'yar siririyar fata mai sabunta kanta. In ta kuje, cikin 'yan kwanaki take warkewa ba tabo. A ƙarƙashinta akwai tsokar koniya, wadda ta kwashe kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin. Zaruruwa ne jere reras kamar zaren da masaƙi ya ja, kuma wannan jerin ne ya sa haske ke ratsa ta. Babu jijiyar jini ko ɗaya a ciki. Da zarar ruwa ya shiga tsakanin zaruruwan, ko fararen ƙwayoyin jini suka cika wurin, ko sabbin jijiyoyin jini suka kutso daga gefe, jerin ya wargaje, wurin ya yi fari. In ya warke a haka, shi ne hakiya. Tabo a hannu ko a ƙafa ba ya hana mutum komai, amma tabo kamar ƙwayar dawa a tsakiyar koniya ya isa ya raba dattijo da karatun Alƙur'aninsa.

Ita kuma ƙwayar, tsohuwar baƙuwa ce a jikinmu. Harfis nau'i na ɗaya, wadda ake rubutawa HSV-1, bairos ce, kuma ita ce mai fito da ƙurajen nan na leɓe da muke cewa zazzaɓi ya feso. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.7 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, wato kashi 67 cikin 100, Afirka kuma ita ce kan gaba da kashi 87. Galibi tun yarinta ake ɗauka ta miyau: sumbatar jariri, moɗa ɗaya, cokali ɗaya. Bayan ta shiga, sai ta bi jijiyar ji ta fuska ta haura zuwa wani ƙullin jijiyoyi a gindin ƙwaƙwalwa, ta yi likimo. Babu maganin da ke fitar da ita daga can. Zazzaɓi mai zafi, rana mai ƙuna, rauni, ƙyanda, duk abin da ya gigita jiki yana iya tashin ta, ta gangaro. Jijiyar reshe uku gare ta. A yawancin mutane ta wajen baki ƙwayar take bi. A wasu kaɗan, irin su Baba, ta reshen ido. Kuma tun da daɗewa aka san da ita a yankinmu: a 1979 likitoci a Zariya sun rubuta yadda take cin baki da idon yara bayan ƙyanda, wani bincike na 1987 a Tanzaniya kuma ya same ta kan gaba cikin masu haddasa gyambon koniya a yara.

Garkuwar da aka haife mu da ita

Garkuwar jiki hawa biyu ce. Akwai wadda muka zo duniya da ita, akwai wadda jiki ke koya bayan ya haɗu da cuta ko an yi masa rigakafi. Ki ɗauka an yi ihun ɓarawo a unguwa da tsakar dare. Maƙwabta ne ke fara fitowa, kowa da sandarsa. Ba su san ko wane ne ba, sun dai san an shigo. Dogarai sai daga baya suke zuwa, amma su da suna da kamanni suke tafe, kuma ba sa mantuwa. Ta farko cikin sa'o'i take tashi. Ta biyu, a karon farko, sai ta kwashe kusan mako.

A ido, garkuwar haihuwa ta fara ne daga ƙiftawa da hawaye. Hawaye ba ruwan gishiri ba ne kawai. Akwai yauƙi a cikinsa mai riƙe ƙwayoyin cuta, akwai sinadarai irin su laisozayim mai fasa bakteriya, wanda Alexander Fleming ya gano a 1922. In bairos ta tsallake wannan ta shiga cikin ƙwayoyin halittar fatar koniya, can ma akwai masu gadi, wasu furotin da aikinsu shinshina abin da ba na gida ba. Jules Hoffmann a Faransa ya nuna aikin irinsu a jikin ƙaramin ƙuda a 1996, Bruce Beutler a Amurka ya gano ɗan'uwansa a jikin ɓera a 1998, aka ba su kyautar Nobel a 2011. A 2013 Zhijian Chen ya bayyana wani mai suna cGAS, wanda ke jin DNA, wato sinadarin gado, in ya ɓulla a inda bai kamata ba cikin ƙwayar halitta. Harfis kuwa DNA take ɗauke da shi. Da cGAS ya ji, sai ya taso abokin aikinsa STING, shi kuma ya sa a saki intaferon.

Intaferon shi ne ihun. Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957. Ƙwayar halittar da cutar ta shiga, ko da ita tata ta ƙare, tana sakin sa don maƙwabtanta su kulle ƙofa, su tsayar da injin haɗa furotin da bairos ke neman arowa ta hayayyafa. Tare da shi akwai wasu sinadaran kira da ke janyo fararen ƙwayoyin jini daga jijiyoyin da suka kewaye koniya: nitirofil masu yawa da saurin zuwa, monosayit da makurofaj masu haɗiye abin da suka tarar, da wasu makasa da ake yi wa laƙabi da NK.

Abin da aka gani a idon ɓera

Dalilin komawa ga ɓera a bayyane yake. Ba za a ɗiga wa mutum cuta a ido da gangan ba, ba za a cire masa ƙwayar gado guda don a ga abin da zai biyo baya ba, ba kuma za a yanko koniyarsa a kwana na 2 da na 7 da na 15 a ƙirga abin da ke ciki ba. Ɓerayen bincike kuma an daɗe ana barbarar su 'yan gida ɗaya, har kowace zuri'a ta zama kamar tagwaye. In aka sauya abu ɗaya tak aka ga bambanci, an san daga ina ya fito.

Ga yadda ake yi. A sa wa ɓera maganin barci, a ɗauki siririyar allura a ɗan kakkarce saman koniya, a ɗiga ruwa mai ɗauke da adadin ƙwayar da aka auna. Daga nan kullum a duba idon, a shafo hawaye a auna yawan bairos. A kwanakin farko ƙwayar na hayayyafa a fatar sama, a ga ɗan gyambo, nitirofil su zo. Zuwa wajen kwana 7, an daina samun ƙwaya mai rai a koniyar. Ta haura ƙullin jijiya ta kwanta. To a nan ne abin al'ajabin yake. Idon da ake sa ran ya warke, a lokacin ne yake fara hazo. Nitirofil su dawo karo na biyu da yawan da ya fi na farko nesa ba kusa ba, jijiyoyin jini su yi ta kutsowa daga gefe zuwa tsakiya, tsakanin mako 2 zuwa 3 koniyar ta yi fari fat. Ɓarawo ya daɗe da tsallake katanga, jama'a kuwa na nan cikin ɗaki suna ta kai duka a duhu, har tukwanen gidan sun farfashe.

Sai masu bincike suka shiga zare abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɓeran da aka hana ƙwayoyin jikinsa jin intaferon ba ya iya tsayar da cutar: ta mamaye ido, ta wuce, ta kai ƙwaƙwalwa, ta kashe shi cikin 'yan kwanaki. Wanda ba shi da STING ma ya fi sauran shan wuya. A 1999 David Leib da abokan aikinsa sun juya gwajin ta ɗaya gefen. Suka ɗauki harfis da aka cire wa ɗaya daga makaman da take toshe aikin intaferon da su. A lafiyayyen ɓera ta yi laushi ƙwarai, amma a wanda ba ya jin intaferon sai ƙarfinta ya dawo. Ke nan garkuwar haihuwa ce ke tsaye tsakanin ƙwayar da ƙwaƙwalwa a kwanakin da dogarai ba su iso ba. Duk wanda ya ce miki garkuwa ce matsalar don haka a kashe ta, bai kalli wannan rabin ba.

Ga ɗaya rabin. A 1979 an gwada cutar a ɓerayen da ake haifa ba su da ƙwayoyin T, wato jagororin garkuwar koyo. Cutar ta fi yi musu illa a jiki, amma koniyarsu ba ta yi wannan farin ba. Ayyukan da suka biyo baya, musamman na Barry Rouse a Jami'ar Tennessee da Robert Hendricks a Jami'ar Pittsburgh, sun nuna cewa a zagaye na biyu ƙwayoyin T nau'in CD4 ne ke ba da umarni, nitirofil kuma su ne hannun da ke aikatawa. Suna zubar da sinadarai masu narkar da zaruruwan koniya, da wani mai suna VEGF da ke kiran jijiyoyin jini. Lafiyayyar koniya tana da tarkon da take kama VEGF da shi, wanda aka bayyana a 2006, shi ya sa take zama garau. A wannan ciwo tarkon yana lalacewa, kiran kuma yana ƙaruwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙwayar ce ta tsokano, amma hakiyar, hannun jikinmu ne ya zana ta. Wannan ita ce amsar tambayarki ta farko.

Har a ɓeran ma ana ta gyara fahimta. A shekarun 1990 an kawar da nitirofil da wani magani, cutar ta ƙaru, aka ce su ne masu murƙushe bairos a farko. Daga baya aka lura maganin yana kawar da monosayit ma, kuma kaso mai tsoka na yabon nasu ne.

Idon da ya daina jin zafi

Akwai wani bincike da ya fi duka shiga cikin aikina na yau da kullum. Koniya na cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan jijiyoyin ji a jikin mutum, shi ya sa ƙurar da ba a ko gani take hana mutum sakat. Harfis da kumburin da take jawowa suna janye waɗannan jijiyoyi. Likitoci sun daɗe da sanin cewa idon mai harfis ba ya ji sosai. Amma a 2014 ɗakin binciken Hendricks ya nuna cewa ɓerayen da suka kamu suna daina ƙiftawa in an taɓa idon, koniyar ta bushe, bushewar kuma ita kanta ta rura kumburin. Da suka ɗinke fatar idon ta rufe koniyar, ciwon ya yi sauƙi ƙwarai.

Da na karanta wannan, tunanina Janairu ya tafi, lokacin da hazo ke rufe gadar Binuwai, leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin a gama shanya na ƙarshe. Akwai wani dattijo mai ɗinkin hula da nake dubawa. Ya zo yana murna, ya ce ido ya yi sauƙi, tunda ya daina yi masa zafi. Na murza auduga ta yi tsini, na zagayo ta gefe don kada ya gani, na taɓa lafiyayyen idon. Nan take ya ƙifta, ya ja kai baya. Na taɓa mai ciwon. Shiru. Yana kallona yana jiran in fara. A tsakiyar koniyar kuwa akwai miki buɗe mai santsin baki, wanda ba ƙwayar cuta ce ke riƙe da shi ba, rashin ji da bushewa ne. Ƙarin maganin bairos ba zai rufe irin wannan ba. Abin da ya taimake shi shi ne hawayen roba a kai a kai, man ido da dare, rufe fatar idon da filasta in zai kwanta, da tabarau duk lokacin da zai hau babur. Wasu sai mun ɗinke gefen fatar idon na wani lokaci, kamar dai yadda aka yi wa ɓerayen. Ki gwada wannan audugar a idon Baba. Rashin zafi a irin wannan ido ba albishir ba ne.

Inda ɓera ya tsaya

A nan nake ce wa ɗalibai su ja birki. Ɓeran gwaji karon farko ke nan da ya haɗu da ƙwayar, kuma ta waje aka sa masa, ta karcen allura. Baba kuwa wataƙila ya fi shekara 50 yana ɗauke da ita, kuma ta ciki take fitowa, ta jijiya, a jikin da dogarai suka riga suka san ta. Hakiyar mutum galibi tarin tashi ne bayan tashi, kowanne ya bar ɗan tabonsa. A ɓera ƙwayar ba kasafai take farkawa da kanta ba. Sai an haska masa wani haske mai ƙuna a ido, ko an tsoma shi a ruwan ɗumi mai zafin digiri 43 na 'yan mintoci, wato an yi masa zazzaɓin ƙarya. Shi ya sa masu nazarin dawowar ciwon kan koma ga zomo, wanda takan farka masa da kanta.

Su ma ɓerayen ba ɗaya suke ba. Tun 1975 Carlos Lopez ya nuna cewa wata zuri'a na jure harfis, wata kuma na mutuwa da ita. Baƙin ɓeran da ake kira C57BL/6 ya fi farin da ake kira BALB/c juriya, don haka sakamako yana iya bambanta gwargwadon wanda aka yi aiki da shi. Jininmu ma ya bambanta: a mutum nitirofil ne fiye da rabin fararen ƙwayoyin jini, a ɓera ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sannan ɓeran bincike a tsaftataccen keji ya tashi, bai taɓa haɗuwa da wata cuta ba. Wani aiki na 2016 daga Jami'ar Minnesota ya nuna cewa garkuwarsa ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa fiye da ta babban mutum. Ki kwatanta da dattijon da ya sha zazzaɓin cizon sauro tun yana goye, ya yi ƙyanda, ya ga hunturu sittin da uku.

Duk da haka mutane sun gaskata babban darasin. A Faris, Jean-Laurent Casanova da tawagarsa sun bayyana a 2007 cewa wasu yaran da harfis ta shiga wa ƙwaƙwalwa an haife su ne da naƙasa a ɗaya daga masu shinshinar nan, mai suna TLR3, wanda ke tayar da intaferon. A kan ido kuma, Amurka ta gudanar da babban gwaji mai suna HEDS a shekarun 1990. A sakamakon 1994, cikin majiyyata 106 masu kumburin tsokar koniya, dukkansu suna kan maganin bairos, waɗanda aka ƙara wa ɗigon sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi dangin deksametazon, haɗarin ci gaban kumburinsu ya ragu da kashi 68 cikin 100, kuma sun fi saurin warkewa, kodayake bayan wata 6 ƙarfin gani bai bambanta sosai tsakanin rukunin biyu ba. A 1998, cikin mutum 703, shan asikulobir miligiram 400 sau biyu a rana na wata 12 ya rage dawowar ciwon daga kashi 32 zuwa 19. Ɓera ya ba mu dalili, gwajin mutane ya ba mu izini. A kan na biyun likitan Baba ya rubuta maganin.

Bara da bana

Yanzu sai mu dawo ga kwalbar. Bara, bisa dukkan alamu, ƙwayar na raye tana cin fatar sama. In aka ɗiga rinin fuloresin aka haska shuɗin haske, gyambon yakan fito kore shar, da rassa kamar busasshiyar ƙaya, kowane reshe da ɗan ƙulli a bakinsa. A wannan hali garkuwa ce ke riƙe da ƙwayar, sitiroyid kuma ɗaure mata hannu yake yi. Bana kuwa fatar sama a rufe take, rini ba ya kamawa, hazon a ƙasa yake cikin tsoka. A nan jama'a ne ke fasa tukwane, dole a tsawatar musu, amma a ajiye mai gadi a ƙofa. Mai gadin shi ne asikulobir.

Ba na manta wani yaro ɗan shekara 9 da aka kawo min daga wani ƙauye a bakin kogi. Idonsa ya yi ja bayan zazzaɓi. Ranar kasuwa mahaifinsa ya saya masa kolir a teburin mai tallan magani, irin mai haɗin maganin bakteriya da deksametazon. Cikin kwana biyu jan ya tafi, yaro ya buɗe ido, kowa ya yi hamdala, aka ci gaba da ɗigawa har mako uku. Da na sa rini, rassan nan sun haɗe sun zama fili guda mai karkataccen baki kamar taswira, ya rufe fiye da rabin koniyar. Mun tsayar da ƙwayar, amma tabon ya zauna a tsakiya. Mahaifin ya riƙe kwalbar a hannu yana jujjuya ta, yana cewa shi dai ya ga tana aiki. Gaskiya ya faɗa, abin da ya gani ke nan. Ban iya ganin laifinsa ba: asibitin ido na da nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin kolir. Abin da ke ƙona min rai shi ne maganin da ke ɓoye ja alhali ciwo na ci a ƙasa ana sayar da shi kamar alewa. Garin neman gira, an rasa ido. Dashen koniya kuma ba abu ne da talakanmu ke samu a kusa ba, sannan koniyar da jijiyoyin jini suka riga suka mamaye ta fi saurin ƙin dashen.

Tunda a asibiti kike aiki, ga ƙa'idar da nake ba ma'aikatan jinya. Ku nemi takardun fuloresin da tocila mai shuɗin haske. Ba su da tsada. Duk jan idon da ya kama rini, kada sitiroyid ya fito daga hannunku. Ido ɗaya, mai zafi, mai gudun haske, gani ya ragu, a tura shi wurin likitan ido. Afolo daban ne: wata bairos ce da aka fara gani a Gana a 1969, tana bin gida gida, galibi ido biyu take kamawa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu take wucewa. A lokacin girbin dawa da masakwa kuma a tambayi ko ganye ko kara ya soki idon, domin gyambon fumfuna yana iya kama da na harfis, sitiroyid kuwa taki ne a gare shi. Ruwan sikari, ruwan albasa, fitsari, kada ko ɗaya ya kusanci ido.

Game da Baba

Ban ga idonsa ba, wasiƙa kuma ba ta maye gurbin na'urar dubawa, don haka maganar wanda ya duba shi tana gaba da tawa. Abin da zan ƙara shi ne kula. Kada a tsayar da ɗigon sitiroyid farat ɗaya don ido ya yi fari. A hankali ake janye shi, wani lokaci cikin makonni masu yawa, in ba haka ba kumburin ya dawo da ƙarfi. Kada a ɗiga shi ko kwana ɗaya ba tare da asikulobir ba, ko da kuɗi sun yi ƙaranci. In dole ɗaya zai yanke, a koma wurin likita kafin ya yanke. A auna masa ƙarfin ruwan ido a kowace ziyara, domin sitiroyid na jawo hawan jinin ido a wasu mutane ba tare da sun ji komai ba, yana kuma gaggauta yanar ido. Asikulobir ta ƙoda yake fita, saboda haka a shekarunsa a duba ƙodar, ya kuma riƙa shan ruwa sosai, musamman a zafin Maris da Afrilu. A gwada sikarinsa da ƙanjamau kamar yadda muke yi wa duk mai ciwon da ke yawan dawowa.

Tunda ciwon ya dawo shekara uku a jere har ya kai tsoka, ki tambayi likitansa ko lokaci ya yi da za a sa shi kan asikulobir na kullum na tsawon shekara. Masu irin nasa su ne suka fi amfana a gwajin 1998. Zazzaɓi kuma tunda shi ke tashin ta, gidan sauro da gwajin jini tun ranar farko suna cikin maganin idonsa. In idon ya sake yin ja, a kai shi cikin kwana ɗaya ko biyu a sa rini, domin ciwon baɗi yana iya zama irin na bara. Kwalbar da ta rage bayan an gama wannan zagaye, ki ɗauke ta daga ɗakinsa da hannunki. Ki gaishe min da shi.